Ƙofofi Shida na Kaka Opal

Kakata Opal Kubicek ta yi shekara sittin a cikin allon silima. Ban ce bayansa ba, ban ce gefensa ba, cikinsa na ce. A da, in ka fito daga garinmu Rendell ka miƙa yamma, kana wuce makabarta za ka hango shi: wani farin bango tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonakin alkama, tsayinsa ƙafa sittin, ba bishiya kusa da shi, ba tudu, sai sararin Kansas ta ko'ina. Fuskarsa falanki ne da farin fenti, tana kallon gari. Bayansa kuwa a buɗe yake, ƙarafa ne a harɗe da dogon tsani. A tsakanin ƙafafun ƙarafan nan kakana Milo ya gina ɗaki biyu da kicin, ya kawo amaryarsa ya ajiye.

Tun ina ƙarami gidan nan ke ba ni tsoro. Iskar wajenmu ba ta hutu, kuma duk wadda ta taso sai ta gwada ƙarfinta a kan allon. Sai ka ji ƙarafa na nishi a kanka, kofuna na karo da juna a kabad, ruwan cikin kwano na rawa ba wanda ya taɓa shi. In na ce, "Kaka, abin nan zai faɗo mana," sai ta ce, "Numfashi yake yi. Ci abincinka." Ni kuwa na san numfashi, na san gurnani.

'Yar manomi ce, ta bakwai cikin tara. Tana da shekara goma sha tara Milo ya dawo daga yaƙin Koriya da kunne ɗaya a toshe, da kuma wata shawara da ubansa ya ce ta fi toshewar kunnen muni. A kusa da sansaninsu na soja ya ga silimar da ake kallo daga cikin mota, ya rantse sai ya yi tasa. Ya sayar da aladun da aka ba shi na aure, ya kafa allo, ya jera turaka ɗari biyu a fili, kowane da 'yar lasifikar da ake ratayawa a tagar mota. A tsakiyar filin ya haƙa rami ya gina ɗakin majigi da kankare, rabinsa a cikin ƙasa don kada ya tare wa na baya. A 1953 suka buɗe. Ya raɗa wa wurin suna Tauraruwa, amma ba wanda ya taɓa kiransa haka. Filin Opal ake cewa, don shi Milo yana rami da injinsa, ita ce kowa ke gani.

Ita ke yankan tikiti, ita ke soya gugguru, ita ce 'yar sanda. Daga nesa take gane motar da aka ɓoye samari a but, don bayanta na jan ƙasa. Sai ta bar su su shiga su faka, sannan ta zo ta ɗare kan murfin but ɗin da ƙunshin gugguru, tana ci a hankali tana kallon fim, har sai ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki ana kiran Yesu. Faston cocinmu, yana saurayi, ya taɓa yin minti ashirin a ƙarƙashinta. Ya ce a nan ya yanke shawarar bin Ubangiji. In kuma ta ga motar da tagoginta suka yi gumi, sai ta buga gilashi da tocila ta ce, "Hannu huɗu nake son gani." Duk da haka rabin mutanen Rendell a filin nan aka soma zancen zuwansu duniya.

Maganar ƙofofi a 1961 ta samo asali. Guguwa ta bi ta wani gari da ke kudu da mu, ta kama allon silimarsu ta kife shi a kan gidan mai shi, da mutum uku a ciki. Milo ya je jana'iza ya dawo bai taɓa abinci ba. Washegari ya ɗauki zarto ya hau. Ya yanka ƙofofi shida a fuskar allon, biyu-biyu hawa uku, kowace kamar ƙofar ɗaki, masu buɗewa ta baya, ya sa musu sakata. Dokarsa ɗaya ce: in sama ta yi kore ko jiniya ta yi kuka, a buɗe duka shida iska ta sami hanya. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Duk tsofaffin wajenmu in guguwa ta taso tagogi suke bi suna buɗewa, wai kada gida ya kumbura ya fashe. A makaranta an gaya mana ba gaskiya ba ne, ɓata lokacin gudu ne kawai. Wannan darasin na riƙe shi, don ranar ban yi barci a aji ba.

Ko an rufe su an shafa fenti, zanen ƙofofin na nan. Duk jarumin da ya fito a Filin Opal da ƙofa a goshinsa ya fito. Wata rana ana tsakiyar sumbata ɗaya ta buɗe da kanta, hancin jarumar ya ɓace, motoci ɗari da hamsin suka danna hon a tare. Kaka ta hau da siket ɗinta ta rufe, aka yi mata tafi da fitilu. Amma allon bai taɓa faɗuwa ba. Guguwa ta wuce ta arewa, ta wuce ta kudu, wata shekara ta ɗauke rufin makarantar sakandare, shi tana barinsa tsaye. Kowane karo Kaka sai ta ce, "Ka gani? Ƙofofi."

An rufe wurin a 1987. Kowa ya sayi bidiyo, babbar hanya ta koma wani gefe, matasa suka bi ta. Ranar ƙarshe motoci goma sha ɗaya suka zo, uku na dangi ne. Milo ya kashe injin ya lulluɓe shi da bargo, bayan shekara bakwai shi ma aka lulluɓe shi. Ciyawa ta cinye filin, turakan lasifika suka tsaya a jere ba mai kula su, fenti ya yi ta ɓarewa. Kaka ba ta tashi ba. Uwata Glenda, wadda a gindin allon nan aka haife ta, duk Lahadi sai ta bugo waya daga Wichita tana roƙo. Amsar Kaka ɗaya ce: "In na tafi wa zai buɗe?" Tana da shekara saba'in da takwas tana hawa tsanin nan ita kaɗai, da takalmin Milo a ƙafarta.

Sai ta zame a kan ƙanƙara a bakin coci a watan Janairu, ƙugu ya karye, aka sa mata ƙarfe. Aka rasa wanda zai zauna da ita sai ni, don ni ne ba ni da abin yi. Makaranta mun rabu da ita saura shekara ɗaya, bisa yardar juna. Na yi faci, na yi aikin mayanka, na yi rabin yini a aikin rufin kwano sai da aka sauko da ni da igiya idona a rufe. Kaka ta san labarin. Ranar da na iso da jakata ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Na roƙi Allah ƙafa, ya aiko mini baki."

Wata Talata ce a watan Mayu. Tun safe iska ta tsaya cik, abin da ba ta yi a wajenmu. Zafi mai danƙo, riga na manne wa baya, ko tsuntsu ɗaya bai ce uffan ba. Wajen ƙarfe huɗu ina kwance ƙarƙashin a-kori-kurata, na kwance mata rabin ciki ina neman inda mai ke yoyo, sai na ga hannuna ya canza launi. Na leƙo. Sama ta yamma ta yi kore, irin koren ruwan da ya daɗe a tsohuwar taya. Wayata ta fasa ƙarar gargaɗi a aljihu, kafin na ciro ta jiniyar gari ta ɗauka.

Na faɗa kicin a guje. Ba Kaka. Rediyo na ta magana ita kaɗai: guguwa ta taɓa ƙasa mil goma sha biyu kudu maso yamma da Rendell, tana tahowa, kowa ya shiga rami yanzu. Ƙofar baya a buɗe. Na fita na tarar da madogarinta mai ƙafa huɗu, wanda asibiti suka ba ta, a yashe a gindin tsani. Ita kuma tana mataki na uku da takalmin Milo, ƙafar da aka yi wa aiki na karkarwa kamar ba tata ba.

"Kaka! Ina za ki?"

"Kasuwa. Ina kake gani zan je?"

"Sauko don Allah, mu tafi ɗakin majigi."

"Tafi, na ba ka izini."

"An ce mil goma sha biyu fa!"

"To daina ci mini lokaci."

Na kama ta ta baya. Ta ƙanƙame tsanin da hannu biyu, kuma ban san inda tsohuwa ke ajiye irin wannan ƙarfi ba. In na ja da gaske, ƙarfen ƙugunta zan ɓalle.

Na ce, "Kaka, ƙofofin nan ba sa hana komai. A makaranta aka gaya mana."

"Wace makarantar? Wadda ta kore ka, ko wadda guguwa ta ɗauke wa rufi don ba ta da ƙofofi?"

Na yi lissafi. Ɗakin majigi taku ɗari da hamsin ne daga nan. Ni ko minti ɗaya ba zan yi ba, ita da madogarinta sai ta yi biyar ko shida. Motata kuwa kayan cikinta na zube a kan kwali. Sai na ji bakina ya ce, bai ko shawarce ni ba, "Sauko. Ni zan hau."

Ta waiwayo. "Kai?"

"Ni."

"Kai da ko kujera ka hau canza ƙwan fitila sai ka kira sunan uwarka?"

"Za ki sauko, tsohuwa, ko sai hankalina ya dawo?"

Ta sauko mataki-mataki tana ba ni umarni. "Sakata sama take yi kafin ta yi gefe. Ka jawo ƙofar, ka maƙala ƙugiya, kada ka bar ta tana lilo. Ta ƙarshe, ta sama ta hannun hagu, tana da taurin kai irin naka. Sai ka ɗaga ta da kafaɗa tukuna." Ta kama madogarinta. "Zan tsaya a bakin ɗakin majigi in ƙirga. In na ga shida in shiga."

"Ki shiga ki ƙirga ta tagar majigi mana."

"Milo ya toshe ta da bulo saboda ɓeraye. Shida, Dalton. Ba biyar ba, ba biyar da ƙarya ba. Na san ka."

Na kama tsanin. Tsatsa da kashin tattabaru suka cika mini tafin hannu. Na ce wa kaina kada ka dubi ƙasa, kada ka dubi baya, ka dubi falankin da ke gaban hancinka kawai. A kowane hawa Milo ya shimfiɗa katako biyu na tsayawa, ba abin dafawa sai wayar ƙarfe guda. Na isa na farko ina rarrafe. Sakata sama, sakata gefe, ƙofa ta buɗe, na maƙala ƙugiya. Ta biyu ma haka. Ta cikinta na hango Kaka a tsakanin turaka, da shuɗiyar rigarta, tana ɗaga madogari tana ajiyewa, tana ɗagawa tana ajiyewa. Ko kashi ɗaya cikin uku ba ta ci ba.

Ina tsakiyar tsani na biyu wata iska mai sanyi ta doke ni, sai ƙanƙara. Ta fara kamar wake, ta koma kamar ƙwan tattabara. Tana dukan rufin gidan a ƙarƙashina kamar ana juye tirelar tsakuwa. Ɗaya ta same ni a bayan kunne, na ga fari. A hawa na biyu katako ɗaya ya lotsa da ƙafata, ya ɓalle, na ji shi yana karo da ƙarafa har ƙasa, ya daɗe bai isa ba. Na rungume wayar dafawar nan ina kiran sunan uwata, kamar yadda aka faɗa. Ta uku ta buɗe. Ta huɗu ta buɗe.

Ban yi niyyar waiwayawa ba. Hular kaina ce ta tashi, wuyana ya bi ta.

A talabijin siririyar guguwa suke nunawa, kamar igiya tana lanƙwasa. Wannan ba igiya ba ce. Wani baƙin abu ne mai faɗi, kamar an gutsuro sama an dasa a ƙasa, gindinsa na tafasa. Ba ya yin dama, ba ya yin hagu, girma kawai yake yi, kuma duk ɗan wajenmu ya san ma'anar wannan: kai yake nufi. Ina kallo ya isa gonar Unruh, maƙwabtanmu na mil uku. Jan rumbunsu ya tashi sama ɗungurungum, ya buɗe kamar kwali, ya zama tsuntsaye. Wayoyin lantarki na tsinkewa suna shuɗin walƙiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta baya kusa.

Na juya na leƙa ta ƙofa. Kaka ta isa. Tana tsaye a bakin matakalar ɗakin majigi, hannu ɗaya a kan madogari, ɗaya a kanta tana kare ƙanƙara. Taku huɗu ne tsakaninta da ƙofar ƙarfe. A nan na gane wani abu: ba ta ganin komai. Allon ya tare mata yamma gaba ɗaya. Shekara da shekaru yana tare wa 'yan kallo rana, yau ya tare mata ganin mutuwa. Abin da take gani farin bango ne da ramuka huɗu. Ta ɗaga hannu ta nuna mini sama.

Na yi mata ihu, "Shiga! Ga ta nan!" Ni kaina ban ji muryata ba.

Na hau. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kaina a hawa na uku, inda allon ke lilo da gaske, gaba da baya, kamar jirgin ruwa. Ƙanƙara ta tsaya. Iska ta juya, yanzu daga gari take fitowa tana gudu zuwa wajen baƙin abin, tana ja mini riga, tana kwasar ciyawar filin tana wucewa da ita ta kaina. Ina zare sakatar ta biyar ƙofar ta bugo ni a ƙirji, saura kaɗan ta wurgar da ni. Ban ko nemi ƙugiya ba. Na ja gindi a kan katako zuwa hagu.

Ta shida. Sakata sama: ta ƙi. Na sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar ƙofar na ɗaga kamar yadda aka koya mini. Ta ƙi. Katakon ya sha ruwan shekaru ya kumbura, ga iska ta danne shi, sakatar ta lanƙwashe a raminta. Na sake ɗagawa har wani abu ya yi ƙara a wuyana. Na doke ta da tafin hannu, ta yanke ni, jini ya sa ta ƙara santsi. Na roƙe ta. Na zagi Milo a kabarinsa, Allah ya yafe mini. A bayana ƙarar ta iso, irin ta jirgin ƙasan alkama in ka kwanta kusa da dogo, amma wannan ba ya wucewa. Kunnuwana suka toshe. Wani yankin kwano ya zo ya sare ƙarfen da ke kusa da kaina ya maƙale yana rawa.

Na ɗaga karo na uku. Ko motsi.

Na leƙa ta ƙofa ta biyar. Tana nan inda take, 'yar shuɗiyar aba a tsakiyar fili, rigarta na kaɗawa, fuskarta a sama. Jira take. Zan iya zama nan ina dambe da sakata har a kwashe mu duka biyu, ita a ƙasa ni a sama. Ƙarya kuwa ba ta da amfani ga mai ƙirga da idonta.

Saukowar ban tuna ta ba. Fatar tafin hannuna dai na san a tsanin nan na bar ta. Na zagaya gidan, na faɗa cikin filin, iska na tura ni baya kamar ina gudu a cikin ruwa, turaka na bugun gwiwoyina. Na isa gabanta ba numfashi.

Ta ce, "Biyar."

"Kaka!"

"Biyar na gani. Koma."

Na kama kafaɗunta na girgiza. "Dubi gefen allon! Duba!"

Lokacin guguwar ta fi allon faɗi. Baƙi ta dama, baƙi ta hagu, farin bangon a tsakiya ya koma kamar katin gaisuwa. Ta duba. Bakinta ya buɗe. Tunda nake ban taɓa ganin fuskar Kaka haka ba, kamar ta 'yar shekara biyar. Na ce shi ke nan, yanzu za ta shiga. Sai ta ɗaga madogarinta ta ajiye shi gaba, wajen allon.

"Ba a gama ba," in ji ta. "Zai faɗi. Ba a gama ba."

Na sunkuya na saɓa ta a kafaɗa kamar buhun dusa. Ta yi ƙara. Na ji wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarinta, ban tsaya ba. Tana dukan bayana da hannu biyu tana cewa in sauke ta, ɗan banza, raggo, ɗan Glenda marar kunya. Madogarin ya tashi sama ya tafi abinsa. Matakala huɗu, ƙofar ƙarfe, na tura ta da baya iska na ƙwacewa, na zura sakata. Wannan ta shiga ba gardama.

Duhu. Na lalubo gindin injin majigin, wanda Milo ya ɗaure da ƙusoshi a kankare, na cusa mu a ƙarƙashinsa, na jawo tsohon bargon da ke kansa. Na yi niyyar in kwanta a kanta. Sai na ji hannunta ya kamo gashina, ta danna kaina a ƙirjinta ta rufe da jikinta, ita da haƙarƙarin da na karya. Tana cewa, "Yesu, Yesu, Yesu," a kunnena, ba tsayawa.

Sai abin ya iso. Ba ƙara ba ce kuma, nauyi ne. Ƙasa na rawa, ƙura na zubowa daga rufi, numfashina na fita da kansa kamar ana zuƙe shi. Ƙofar ƙarfe na kumbura waje tana dawowa. Wani abu mai girma ya faɗo a kan rufin, ya ja jiki, ya tafi. A tsakiyar wannan na ji wani dogon kuka na ƙarfe, irin wanda nake ji ina yaro a kan abinci, amma wannan karon bai koma ba, ya yi sama ya tsinke. Kaka ta daina kiran Yesu. Abin da ya sami wandona kuwa tsakanina da Allah ne.

An ce duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Ni ban yarda ba.

Sai shiru, sai yayyafi. Sai da na yi ta harbin ƙofar kafin ta buɗe. Na tallafo Kaka muka hau matakala. Haske ya kashe mana ido, don ba abin da ya tare shi. Ba allo. Ba gida. Ƙafafun ƙarfe huɗu a murɗe, da daɓen kicin da ledarsa mai furanni, tas kamar an share. Turakan lasifika duk sun kwanta gefe ɗaya. A-kori-kurata sai bayan kwana biyu aka same ta a gonar wani, kuma har yau ban gano inda man ke yoyo ba.

Kaka ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta zauna a kan matakala a hankali, ta riƙe gefenta, ta ce, "Biyar."

A asibiti likita ya ce haƙarƙari biyu sun tsage, ƙarfen ƙugu na nan lafiya. Ya ce guguwar nan ta yi mata da sauƙi. Ta ce, "Guguwa ba ta taɓa ni ba, ɗana. Ga wanda ya karya ni can zaune." Uwata ta iso daga Wichita tana kuka, ta rungume ni, ta mare ni don na hau, ta sake rungume ni. Wani ma'aikacin yanayi da ya je ya auna ɓarnar ya same ni a baranda ya ce irin wannan iska ko ƙofa sittin aka buɗe ba abin da zai tsaya. Ya ce ko in shiga da shi ya gaya mata, hankalinta ya kwanta? Na dubi ƙofar ɗakinta. Shekara hamsin da biyu tana hawa tsanin nan. Na ce masa ya bari, na gode.

Washegari da rana uwata ta fita neman kofi, ya rage ni da ita. Ta miƙo hannu ta kamo nawa mai bandeji, ta juya shi tana dubawa.

"Ka ɗaga ta da kafaɗa?"

"Sau uku, Kaka."

Can ta ce, "Me ka gani daga can sama?"

Na gaya mata. Rumbun Unruh, wayoyin, yadda abin ba ya dama ba ya hagu. Ina faɗa tana ƙara matse hannuna.

Ta ce, "Ni ban taɓa gani ba. Duk hawan da na yi, idona a kan falanki yake. Tun Milo na da rai. Na san in na waiwaya sau ɗaya ba zan ƙara hawa ba. In na sauko sai na zaga bayan gida na yi amai, sannan in shigo in dafa muku abinci." Ta harare ni. "Kai wa ya ce ka waiwaya, sakarai?"

"Da ban waiwaya ba, da yanzu..."

"Na sani. Rufe mini baki."

Muka zauna haka, ba ta saki hannuna ba. Sai ga wata nas ta turo ƙofa da tiren magani, ta yi mana murmushi ta ce, "Wannan ne jikan naki?"

Kaka ta ja filo ta gyara zama, tana cije leɓe don zafin haƙarƙari. Ta ce, "Shi ne. Dube shi da kyau, 'yata. Ƙofa shida aka aike shi, ya buɗe biyar ya rushe mini gida."